Tabkin da laka ta haifa, bakinsa ake fara dubawa

Ranar 15 ga watan Yuni 1991 dutsen Pinatubo na ƙasar Filipin ya yi aman wuta. Toka ta lulluɓe gangarensa, ruwan sama ya jiƙa ta, ta zama laka mai kauri kamar kunu, tana gangarowa da duwatsu da kututture. A lardin Zambales lakar ta toshe kogin Mapanuwepe, ruwa ya taru ya haɗiye gidaje. Yau baƙi na kafa tanti a bakin tabkin, kwale-kwale na kai su inda ƙololuwar wata coci ke leƙowa daga ruwa. Ba laifi ba ne mutanen da bala'i ya raba da gonakinsu su ci abinci da abin da ya bar masu. Sai dai duk ruwan da laka ko rairayi ya tare, ba injiniya ne ya auna madatsarsa ba, don haka kafin a ci moriyarsa, a fara sanin ƙarfin abin da ke riƙe da shi.

Hujja ba ta da nisa. A Kamaru, tabkin Nyos yana zaune cikin ramin wani dutse mai aman wuta, a kwance luf, har daren 21 ga watan Agusta 1986 da ya saki iskar gas ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobi kusan 3,500, da yawansu shanun Fulani. Sai a 2001 aka dasa bututun fitar da gas ɗin. Kuma saboda bakin tabkin na zaizayewa, Najeriya ta gina madatsar Kashimbila a jihar Taraba don tare ambaliyar in ya ɓalle. A Filipin ma, a 2001, da ruwa ya cika ramin Pinatubo, hukuma ta kwashe dubban mutanen garin Botolan kafin ta haƙa hanyar rage ruwan. Nyos ya ci mutane ne don babu mai auna shi. Botolan an auna tun da wuri.

Mutumin garin Filinge a Nijar zai ce yankinsu na Kurfai babu dutse mai aman wuta. Gaskiya ne. Amma garin yana cikin Dallol Boso, tsohuwar hanyar ruwa. Da damina ƙoramu na sauko da rairayi daga tuddan da aka sare itatuwansu, su jibge shi a kwari, ruwa ya tsaya a bayansa. A nan makiyayi ke shayarwa, mai lambu ke ɗiban ruwa, mai bulo ke kwaɓa ƙasa yana cin gaɓar da ke riƙe da ruwan, yara na wanka a wurin da bara tudu ne bana ya zama rami. Ambaliyar 2024 ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar ba tare da dutse ya yi tari ba.

Wani zai ce kuɗin awo ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Ba bututun Nyos ake nema ba. Sanda mai alama da aka kafa a bakin tabki, da mutum ɗaya da mai gari ya ɗora wa karanta ta bayan kowane ruwa, da sanarwa a rediyon gari, sun isa farawa. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974, aikinta ke nan na lura da ruwa da yanayi. Mai cewa komai ƙaddara ce kuma, shi ma ɗaure raƙuminsa yake yi kafin ya kwanta.

Aikin na magadan gari da sarakuna ne, kuma lokacinsa rani: a zagaya tabkunan tun suna bushe, a hana ɗiban ƙasa a gaɓarsu, a san gidajen da ke ƙasa da su. Ranar da hadari ya haɗo daga gabas, lokacin awo ya wuce.