Kiwon Kifi a Gida: Dafin da Ido Ba Ya Gani

Duk yaron da ya tashi a Daura ya san labarin rijiyar Kusugu, yadda maciji ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Jumma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Wancan maciji dai ana ganinsa. Yau za mu yi magana a kan wani mugu da ke cikin ruwa, wanda ba a gani.

Bara muka zuba 'yan karfasa 10 a akwatin gilashi a makarantarmu, muka sa musu kainuwa da ciyawar ruwa. Yara kuwa, don ƙauna, suka riƙa zuba abinci ba awo. Kafin mako biyu, a tsakiyar zafin Afrilu, shida suka mutu. Ruwan kuwa garau yake. Laifin namu ne, gama mun ɗauka ruwa mai haske shi ne ruwa mai lafiya.

Abin da ya kashe su sunansa amoniya. Kifi yana fitar da ita ta kafofin numfashi da ke gefen kansa, ragowar abinci da ruɓaɓɓen ganye kuma suna ƙara ta. A cikin ruwa kama biyu gare ta. Ɗaya amoniyam, mai sauƙin lahani, wadda tsiro ke sha kamar taki. Ɗayar amoniya tsantsa, mai ƙona kafofin numfashi har kifi ya taso sama yana haki.

Me ke juya wannan ta koma waccan? Zafi, da kuma kanwar ruwa. Kowace uwargida ta san kanwa tana kashe tsami. Masana suna auna wannan da ma'aunin pH: 7 shi ne tsaka-tsaki, abin da ya haura kuwa ya karkata wajen kanwa. A zafin digiri 25, idan pH 7 ne, dafin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A 8 ya wuce kashi 5, a 9 ya haura sulusi. Ga abin mamaki: da rana tsiron ruwa yakan shanye iskar da ke ba ruwa ɗan tsami, sai pH ya hau. Watau da la'asar haɗarin ya fi yawa.

Saboda haka kainuwa mataimakiya ce, amma ba ta isa ita kaɗai ba. Akwai ƙwayoyin halitta da ke zama jikin tsakuwa suna cinye amoniya, sai dai sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita a sabon akwati.

Ga shawararmu, ko karfasa kuke kiwo ko tarwada. Ku fara da kifi kaɗan. Ku ba su abin da za su cinye cikin minti 5, ku kwashe saura. Kowane mako ku sake rubu'in ruwan. In na famfo ne, ya kwana a buɗe tukuna. Kada toka, ko sabulu, ko takin zamani su kusanci akwatin. Ku ajiye shi a inuwa. In kun ga kifi yana haki a sama, ku tsai da abinci, ku sake rabin ruwan nan da nan.

Huɗun nan da suka tsira suna nan lafiya, yaro ɗaya ne kuma yake ba su abinci yanzu. Sai wata mai zuwa.