Haɗarin Kyandir Ba Inda Jama'a Ke Zato Yake Ba

Duk lokacin da aka ɗauke wutar lantarki, kyandir ne abin da ma'aikaci da ɗalibi suke fara lalubawa. Abin mamaki kuwa, yawancin abin da jama'a ke tsoro game da shi ba shi da tushe, alhali ainihin haɗarinsa an yi masa riƙon sakainar kashi.

Sau da yawa akan ji iyaye suna hana yara karatu da kyandir, wai yana kashe ido. Likitocin ido sun bayyana cewa karatu cikin ƙarancin haske yakan gajiyar da ido, har ya jawo ciwon kai, amma ba ya lalata gani. Da an huta, gajiyar ta wuce. Waɗansu kuma suna cewa hayaƙinsa guba ne, domin daga ɗanyen man fetur ake tace kakinsa. Lalle daga nan ake samunsa, amma kyandir ɗaya a ɗakin da iska ke shiga bai kama ƙafar janareta ko garwashin gawayi a rufaffen ɗaki wajen illa ba. Idan hayaƙinsa ya yi baƙi, galibi lagwani ne ya yi tsawo, sai a rage shi zuwa kamar milimita 6.

Kuskuren da ya fi muni shi ne raina wutarsa don ƙanƙantarta. Zafin harshen kyandir yakan kai digiri 1,000. Gobarar da ta cinye fiye da rubu'in birnin Kopenhagen na ƙasar Denmark a shekarar 1728, an danganta ta ga kyandir guda a wani gida. Ɗalibin da ya ɗiga kaki a gefen gado ya kafa kyandir, sa'an nan barci ya kwashe shi kusa da katifa da gidan sauro, ya jefa ransa da na abokan ɗakinsa cikin halaka. Narkakken kaki kuma idan ya kama, ruwa watsa wutar yake yi. Rufe ta ake yi da murfin ƙarfe.

Saboda haka wajibi ne shugabannin makarantun kwana su tanadi fitilu masu caji, su hana kyandir a ɗakunan barci. Magidanta kuwa su kafa shi a kan mazaunin ƙarfe, nesa da labule da hannun yara, su kuma kashe shi kafin su kwanta.