Gonar Talaka A Gozaki: Wa Zai Tsaya Mata?

Da zarar an fara sharar gona a ƙasar Gozaki, tun kafin ruwan shuka ya sauka, sai ƙofar gidan mai unguwa da ta dagaci su cika da masu ƙara. Wannan ya ce maƙwabci ya tuge gambar iyaka ya ci masa kunya uku. Wancan ya ce gonar da mahaifinsa ya bayar aro yau an wayi gari wai ta zama gado. Wani kuma ya tarar an kakkafa turaku a gonarsa, wai hukuma za ta yanka filaye. Dattijo ya koma gida ya ce ya bar wa Allah, alhali ɗansa da ya gama sakandare, ya yi Islamiyya, yana can majalisa yana sharhin zaluncin da ake yi a wata nahiya!

Ɗan'uwa mai karatu, sau da yawa mai rauni yana da gaskiya, rashin mai tsaya masa ne ke kayar da shi.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon filayen karkara. Ke nan manomin Gozaki da sakatariyar Kafur yake hulɗa. Ba dokar talaka ba ce, don ba ta biyan kuɗin ƙasar kanta. To amma ko a cikinta, sashe na 6 ya ce in ƙaramar hukuma ta karɓi gona don amfanin jama'a, sai ta biya diyyar abin da ke kai, shuka ne ko gini ko rijiya, ta kuma ba mai gonar wata a madadinta ya ci gaba da noma. Sashe na 36 kuma ya bar wa wanda ke noman gonarsa tun kafin 1978 haƙƙinsa, ko ba shi da takarda. Manoma nawa ne tsakanin Malumfashi da Funtuwa aka taɓa karanta wa wannan? Wanda bai sani ba, duk abin da aka miƙa masa a ambulan sai ya karɓa har da godiya.

Rigimar maƙwabta ta fi wannan haɗari, domin a nan shiru da kansa hujja ne. Kotunan shari'a na Jihar Katsina, waɗanda suka maye gurbin kotunan yanki a 2000, da fiƙihun Malikiyya suke aiki, kuma a cikinsa akwai hauzi, kamar yadda ya zo a Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim. Idan bare ya riƙe gona shekara 10 yana nomawa, mai ita yana gari, yana gani, babu abin da ya hana shi magana kuma bai yi ba, to ba za a saurari ƙararsa ba. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo. Aro da jingina ba sa zama mallaka ta wannan hanya, amma fa sai an tabbatar da su. Su wa za su tabbatar, bayan dattawan da aka yi abin a gabansu sun riga mu gidan gaskiya? Kunyar nan ta "kada a ce na kai maƙwabci ƙara" ta raba marayu da yawa da gonar ubansu.

Za a ce lauya sai mai kuɗi. Haka ne, an ga wanda ya sayar da shanun huɗa a kan shari'ar gonar da ba ta kai kuɗinsu ba. Sai dai akwai Hukumar Taimakon Shari'a da aka kafa a 1976, wadda dokar 2011 ta faɗaɗa aikinta, tana ba marar ƙarfi lauya kyauta, kuma tana da ofis a Katsina. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta 1975, inda ake kai kukan ma'aikatan gwamnati ba ko sisi. Matsalar ita ce tsohon da bai iya boko ba ba zai bar gona da damina ya kama hanyar Katsina shi kaɗai ba.

Nan ne aikin matasa yake. Shari'a ta halatta wakilci, don haka ɗa na iya tsaya wa uba a gaban alƙali, ya rubuta koke, ya raka shi ofis. Duk aro ko jingina ko ciniki a sa shi a takarda, da boko ko da ajami, a ambaci iyakoki huɗu da kwanan wata, shaidu su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Idan turaku suka bayyana a gona, kada a ɗauko gora. A nemi takardar sanarwa, a ƙirga itatuwa da shukar da ke ciki a gaban shaidu kafin katafila ta shigo. Kuma kada a yi jinkiri, domin hukumar koke-koken ba ta karɓar kukan da ya wuce wata 12 da faruwa.