Nasiha Ga Malamai Da Almajirai A Kan Rubuta Labarun Tsofaffin Wudil

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanar da ɗan Adam rubutu da alƙalami. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa malamai da almajirai, ku sani abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata hasara ce da ta same ni, ina kuwa tsoron ta sami kowane gida a ƙasar Wudil. Akwai wani tsoho a unguwarmu, ubansa mai fito ne a kogin nan tun ba a yi gada ba. Ya san sunan kowace mashaya da kowane gurbi, ya san inda fatake suke kwana idan ruwa ya hana su ƙetarewa, ya san gonar da ta fita daga hannun wane ta shiga hannun wane, da dalilin fitarta. Shekara uku ina cewa gobe zan zauna da shi in rubuta. Bara da damina aka yi masa sutura. Da aka buɗe akwatinsa aka sami hoto guda, mutum bakwai a tsaye a bakin kogi, gara ta ci gefensa, ba wanda ya iya faɗin sunan ko mutum ɗaya a cikinsu.

Ra'ayina shi ne, lalle ya kamata kowace makaranta ta allo da ta ilmi a ƙasar nan ta ɗauki rubuta labarun tsofaffi aiki ne nata, kada ta bar wa 'yan boko su kaɗai. Ga hujjojina.

Na farko, wannan hanya ta magabata ce. Da aka kashe mahaddata da yawa a yaƙin Yamama, Sayyidina Umar ya ba Sayyidina Abubakar shawara a tara Alƙur'ani wuri ɗaya, aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabit aikin. Daga baya Halifa Umar ɗan Abdul'aziz ya yi umarni a rubuta hadisi domin tsoron ƙarewar malamai. Ban ce labarin kauye daidai yake da waɗannan ba, Allah ya tsare ni. Abin da nake nufi, sun nuna mana cewa abin da yake a ƙirji kaɗai yana tafiya da mai ƙirjin. Haka Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, Alƙali Muhammadu Zangi kuma ya rubuta Taƙyidul Akhbari a kan jihadin Kano. Tarihin Kano da ya jero sarakuna tun daga Bagauda har Sarki Muhammadu Bello, yawancinsa abin da aka ji ne daga baki aka zuba a takarda. Da marubucinsa ya yi ta cewa gobe, da yau ba mu san Barbushe ba.

Na biyu, abin kunya ne baƙo ya fi mu kula da kayanmu. Wani Bature, Frank Edgar, ya sa malamai sun rubuta masa tatsuniyoyi da labaru da ajami, aka buga su littafi uku tsakanin 1911 da 1913. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete Karachi a 1934, ya rubuta wa wani Bajamushe al'adun Hausawa da sana'o'insu. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau cikin 1949 da 1950, ta rubuta labarin rayuwarta. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Ku duba, shekara guda ce tsakanin gama aikin da rasuwarta. Tambaya daga baƙi ta zo, amma alƙalami da baki namu ne. Me zai hana mu tambayi kanmu?

Na uku, lokaci ya ƙure. Waɗanda suka ga Basasar Kano ta Tukurawa da Yusufawa da ta tashi a 1893, da waɗanda suka ga shigar Nasara birnin Kano a 1903, duk sun riga mu gidan gaskiya, sai jikokinsu da suka ji daga bakinsu. Wanda yake ɗan shekara goma ran da aka sami mulkin kai a 1960, yau ya haura saba'in. Su ne suka san kogin Wudil kafin a datse ruwa a Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, da yadda ambaliya take kwanciya a fadama, da irin kifin da masunta suke kamawa. Su ne suka ga cinikin gyaɗa, da farin 1973, da canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira a wannan shekara. Su ne za su faɗi yadda kara ta ran Juma'a ta bunƙasa, da gidajen da suka fara ɗinkin babbar riga, da labarin Jobawa na Utai, zuriyar Malam Bakatsine, da sarautar Makaman Kano da ta daɗe tana riƙe da ƙasar nan.

Na huɗu, amfaninsa ya wuce hira. Sau nawa aka kai ƙarar iyakar gona, ko burtali, ko hurumin maƙabarta, aka nemi tsohon da ya sani aka tarar ya rasu? Sau nawa rabon gado ya cije domin ba a san wane ne ɗan wane ba? Sanin nasaba ƙofa ce ta sada zumunci.

Wani zai ce ai zancen tsofaffi cike yake da ƙari da mantuwa. Gaskiya ne, amma maganinsa yana hannunmu, domin mu ne muka karanta yadda ake auna mai ruwaya. A rubuta sunan mai ba da labari da garinsu da kimanin shekarunsa, a tambaye shi, da idonka ka gani ko ji ka yi, daga wa ka ji. Idan tsofaffi biyu suka saɓa, a rubuta duka biyu, kada almajiri ya zaɓi wanda ya yi masa daɗi.

Wani zai ce tonon asiri ne, za a tada zancen bauta da tsohuwar gaba. Wannan tsoro yana da tushe. Saboda haka a nemi izni kafin a rubuta, abin da tsoho ya ce amana ne a riƙe shi amana, abin da zai zama gori ga wani gida kada a karanta shi a dandali.

Wani kuma zai ce hoto fa? Malamai sun yi saɓani a kan hoton na'ura, da yawa sun yarda da shi inda akwai bukata. Ban ce a rataye shi a bango don girmamawa ba. Na ce a ajiye shi matsayin shaida, kamar takardar cinikin gona. A rubuta a bayansa da fensir, ba da tawada ba, sunayen waɗanda suke ciki da wurin da shekarar. A nisanta shi da laima da gara da rana, a ɗauki surarsa da wayar hannu, a mayar wa mai shi kayansa.

Ga shawarata. Alhamis da Juma'a ba karatu. Kowane malami ya zaɓi manyan almajirai biyu, ya aike su gidan tsoho ɗaya da goro da ladabi, ɗaya yana tambaya, ɗaya yana rubutu da ajami, waya tana ɗaukar murya idan an yarda. Tsofaffin mata kuwa matan gida da 'yan mata masu karatu su zauna da su, gama su ne suka fi riƙe nasaba da labarin aure da shekarun yunwa. A yi kwafi biyu, ɗaya ya zauna a makaranta, ɗaya a nemi a ajiye shi a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano, ko a Gidan Arewa na Kaduna da aka kafa a 1970 domin irin wannan aiki.

Ya kai mai karatu, kada ka yi irin tawa. Idan akwai tsoho a gidanku, fara da shi a makon nan. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu dace. Haza wassalam.

Daga ɗan'uwanku almajiri, a Wudil.