Kafin Ka Rage Wa Motarka Nauyin Filawil

Kwanakin baya ɗan yayata, wani matashi ma'aikacin banki a Abuja, ya same ni a gida da wata shawara. Ya sayi ƙaramar motar gudu mai ƙofa biyu, irin wadda ake sa wa giya da hannu, kuma abokansa da suke haɗuwa wasan mota a ƙarshen mako sun dame shi da cewa sai ya cire filawil ɗinta ya sa marar nauyi, sannan zai san ya sayi mota. Ya ce da ni, "Kawu, kuɗin na hannu, amincewarka kawai nake jira." Ban ba shi amsa nan take ba, kuma tun da na san ba shi kaɗai ne ke cikin wannan tunani ba, na ga ya dace in kawo maganar wannan fili.

Da farko ya kamata mai karatu ya san abin da ake magana a kai. Filawil wani faifan ƙarfe ne mai nauyi da ake ɗaurewa a bayan inji, a ƙarshen karanshaf. A jikinsa kuloci ke kamawa, kuma haƙoran da ke gefensa ne sitata ke cafka idan za a tayar da mota. Amma babban aikinsa shi ne ajiye ƙarfi. Injin mota ba ya ba da ƙarfinsa a jere kamar ruwan famfo. Kowane fistin sau ɗaya yake bugawa a cikin juyi biyu na karanshaf, don haka inji mai silinda 4 bugu biyu yake samu a kowane juyi, mai silinda 6 kuma bugu uku. Filawil ne ke karɓar ƙarfin kowane bugu, ya riƙe, ya ci gaba da juya injin kafin na gaba ya zo. Masu motar otomatik kuwa, wannan zance bai shafe su ba, domin tasu wani siririn faranti take da shi, nauyin yana cikin kwanbata.

To me mutum zai samu idan ya rage wannan nauyi? A nan ne samari ke ruɗuwa. Filawil marar nauyi ba ya ƙara wa inji ƙarfin doki ko ɗaya. Abin da yake yi shi ne rage ƙarfin da injin ke kashewa wajen hanzarta kansa, sai ka ji da an taɓa totur ya amsa, da an saki ya sauko. Ribar kuma a ƙananan giya take. A ɗauka a giya ta ɗaya inji na juyawa sau 14 kafin taya ta juya sau ɗaya, a giya ta ƙarshe kuma sau 3.5. Bambancin ninki 4 ne, amma a lissafin nauyi mai juyawa ana ninka adadin da kansa ne, wato 16. Ke nan amfanin da za a ji a giya ta ɗaya ya ninka na giya ta ƙarshe sau 16. Wanda ke tsammanin motarsa za ta ƙara gudu a hanyar Kaduna zuwa Kano ya yi asarar kuɗinsa.

Masu goyon bayan wannan canji suna da hujja, kuma ba zan ɓoye ta ba. Kamfanin Porsche ya sa filawil marar nauyi a motarsa Carrera RS ta 1992, kuma injin Lexus LFA na 2010 yana tashi daga silo zuwa juyi 9,000 a minti cikin kashi shida bisa goma na daƙiƙa, har sai da aka yi mata agogon inji na lantarki saboda allura ba ta iya bin sa. Duk wanda ya taɓa tuƙa mota mai saurin amsawa ya san akwai daɗi a ciki. Sai dai waɗannan motoci tun daga takarda aka tsara injinsu da kwamfutarsu da akwatin giyarsu a kan haka. Akwai kuma misali na ɗaya ɓangaren. Honda ta fito da S2000 a 1999 da inji mai kai juyi 9,000, amma da ta sabunta ta don kasuwar Amurka a 2004, sai ta ƙara girman injin zuwa lita 2.2, ta kuma sa filawil da ya fi na farko nauyi. Injiniyoyinta sun san mafi yawan masu sayen motar a titi suke tuƙi, ba a filin tsere ba.

Titinmu kuwa mun san shi. Wanda ke bin Nyanya da Mararaba kowace safiya zai taka kuloci sau ɗaruruwa kafin ya isa ofis. Duk lokacin da za a tashi daga tsaye, ƙarfin da filawil ya ajiye ne ke hana injin mutuwa. Idan an rage shi da yawa, dole direba ya ƙara wuta, ya daɗe yana murza kuloci, farantin ya riƙa ƙonewa. Ga kuma na'urar sanyaya mota da ba ma iya kashewa a watan Afrilu, wadda duk lokacin da ta kama sai silo ya faɗi. Motocin zamani da dama ma filawil mai hawa biyu ne da su, mai sifirin a tsakani, wanda kamfanin LuK na Jamus ya fara ƙerawa a 1985 domin ya shanye girgizar inji kafin ta isa akwatin giya. Wanda ya cire shi ya sa mai hawa ɗaya zai riƙa jin ƙarar giya kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hanyar araha, wato a kai tsohon filawil wurin masu injin sassaƙa ƙarfe a rage masa kauri. Yawancin irin waɗannan faifai da zubin ƙarfe aka yi su, kuma zubi ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi. Ƙarfin da ke jan faifan waje yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da juyin inji ya ninka sau biyu. A motar da ke tura tayoyin baya, wannan faifai yana juyawa ne daura da ƙafafun direba. Saboda irin wannan haɗari ne hukumomin tsere a Amurka suke wajabta filawil mai shaidar gwajin SFI a rukunoni da dama. Garin gyaran gira bai kamata a rasa ido ba.

Saboda haka ga abin da na gaya wa ɗan yayata. Idan kulocinsa lafiya yake, ya bar motar yadda take, domin sai an sauke akwatin giya kafin a kai ga filawil, kuma ya fi dacewa a haɗa aikin biyu ranar da kulocin ya ƙare. Idan ranar ta zo kuma yana nan a kan bakansa, ya zaɓi matsakaici, kada ya nemi mafi rashin nauyi a kasuwa. Na ƙarfe ya fi na alminiyam dacewa da tuƙin gari. Ya tambayi inda aka rage nauyin, domin kilo ɗaya a bakin faifai ya fi kilo ɗaya a tsakiya tasiri nesa ba kusa ba. Ya haɗa shi da farantin kuloci mai sifirin, ya tabbatar an daidaita shi ba ya rinjaya gefe guda, a sa sababbin kusoshi, a ɗaure su da ma'auni yadda kamfani ya ƙayyade. Ya kuma duba ko kwamfutar motarsa daga haƙoran filawil take karanta juyin inji, don kada a gama aiki mota ta ƙi tashi.

Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce zai fara sayen tayoyi masu kyau da sabon burki tukuna. Na ce masa a nan ne kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Allah Ya kiyaye mana 'ya'yanmu a kan hanya, amin.