Tsofaffin Kwamfutoci: Gyara Ya Fi Zubarwa

Ran 14 ga watan Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya daina aiko da gyare-gyaren tsaro ga Windows 10, watau babbar manhajar da ke tafiyar da ɗimbin kwamfutocin tafi-da-gidanka na ofisoshi da makarantu da gidajen ƙasar nan, in ban da waɗanda suka yi rajistar ƙarin wa'adi na ɗan lokaci. Wadda ta gaje ta kuwa, Windows 11, ba ta karɓar yawancin injinan da aka ƙera kafin wajen 2018. Ke nan dare ɗaya injin da ke aiki lafiya lau ya shiga sahun tsofaffi, alhali babu abin da ya karye a jikinsa.

Wannan magana ta shafi mutanen Abuja ƙwarai da gaske. Duk wanda ya leƙa kasuwar kayan lantarki ta Banex da ke Wuse ya san cewa kwamfutar da ƙaramin ma'aikaci ko ɗalibi ke iya saye ta hannu ce, irin wadda jama'a ke kira 'yar Beljiyam. Tun 2015 kuma hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta hanyar kwamfuta. Yaron da ya fito daga ƙauyukan Abaji ko Kwali bai taɓa ɗora yatsa a kan madannai ba, sai ranar jarrabawa, to an riga an kayar da shi tun kafin a busa usur.

Ya kamata a fahimci abin da ke hana tsohon inji shiga intanet. Na farko, shafukan yanzu sun yi nauyi. Matsakaicin shafi ya haura megabait 2, ninkin ba ninkin abin da aka saba da shi a 2010, sabo da hotuna da tallace-tallace da aka cika su da su. Na biyu, an sake makullai. A 2020 manyan manhajojin shiga intanet suka yi watsi da tsofaffin hanyoyin kulle saƙo, don haka tsohuwar manhaja takan je ƙofar banki ko ta makaranta a ƙi buɗe mata. Na uku, masu manhajojin suna janye hannu. Windows XP an sallame ta a 2014, Windows 7 a 2020, a farkon 2023 kuma Chrome ta daina sabunta kanta a kan Windows 7. Injin da aka daina toshe wa ɓaraka kuwa hatsari ne ga mai shi, musamman idan da shi yake taɓa asusun bankinsa, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To amma fa duk waɗannan cututtuka suna da magani, kuma ba mai tsada ba. Injin da ya shekara goma, idan aka ƙara masa ma'ajiyar aiki da ake kira RAM, aka sauya masa tsohon faifai da na zamani, aka ɗora masa ɗaya daga cikin manhajojin Linux marasa nauyi irin su Lubuntu ko Linux Mint, zai buɗe shafukan yau kamar kowane. Waɗannan manhajoji kyauta ne, kuma ana ci gaba da sabunta su. Wanda ya tsufa ainun, har ba zai iya ɗaukar intanet ba, shi ma yana da amfani. Ana iya koyon buga rubutu da shi, ana kuma iya zuba masa Wikipedia ta Hausa ta hanyar manhajar Kiwix, yara su karanta ba tare da sayen data ba.

Abuja ta riga ta ga darasi a kan wannan al'amari. A 2007 aka raba wa 'yan makarantar firamare ta Galadima, a gefen birnin, ƙananan kwamfutoci kimanin 300 masu launin kore da fari, a ƙarƙashin shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro wanda Farfesa Nicholas Negroponte na Amurka ya ƙirƙiro. Sunan Galadima ya zagaya duniya. Yaran da kansu suka koyi kwance injinan da gyara su. An yi ta maganar Nijeriya za ta sayi miliyan guda, amma maganar ta bi ruwa. Abin da gwajin ya nuna shi ne, raba inji shi ne mafi sauƙin aikin. Wutar da za a caja shi, da kuɗin intanet na wata-wata, da kayan gyara, da malamin da ya san kansa, su ne ke raya shi ko su kashe shi.

Har wa yau akwai batun shara. Wani binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya gano cewa kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ke shigowa a shekara, akasarinsu daga Turai, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki. Yanzu da kamfanonin Turai da Amurka ke sauke injinan da Windows 11 ta ƙi, babu mamaki lodin ya ƙaru. Wanda ya mutu a cikinsu a juji yake ƙarewa, inda yara 'yan jari-bola ke ƙona wayoyi don ciro tagulla, suna shaƙar hayaƙi mai guba.

Sabo da haka akwai abubuwa huɗu da ya wajaba a yi. Na ɗaya, kada ma'aikatun Gwamnatin Tarayya su tara tsofaffin injinansu a sito su ruɓe, ko su yi gwanjonsu a ɓoye. A ƙidaya su, a goge bayanan jama'a da ke cikinsu kamar yadda dokar kare bayanai ta 2023 ta buƙata, sannan a miƙa su ga hukumar NITDA ta shirya gyaransu. Na biyu, a ba samarin da ke gyara a kasuwannin birnin wannan aiki, tare da matasan da ake horarwa a shirin 3MTT, a kuma raba injinan ga makarantun Gwamnati na ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, a fara da na karkara. Na uku, kada a kai inji makarantar da ba a tanadar wa hasken rana da malami da kuɗin gyara a cikin kasafi ba, don kada a maimaita labarin Galadima. Na huɗu, hukumar NESREA ta tsaurara aiki da dokokinta na kayan lantarki, ta tabbata abin da ke shigowa mai rai ne.

Su kuma 'yan kasuwa, amana ta hau kansu. Duk wanda zai sayar da injin da ba zai ɗauki Windows 11 ba, ya faɗa wa mai saye gaskiya, ya nuna masa mafita. Mai saye shi ma ya tambayi shekarar da aka ƙera injin kafin ya zaro kuɗinsa.

Ƙasar da 'ya'yanta ke zana jarrabawa da kwamfuta, amma da yawansu ba su da inda za su koye ta, ba ta da halin zubar da injin da ke da sauran numfashi. Hukumomin da aka ambata duk a Abuja suke, makarantun ma ga su nan kusa da su. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.