Wa Ya Ce Hausa Ba Ta Da Launi?



A labaran da ake sakewa a Wattpad da WhatsApp, da wuya ka karanta shafi uku ba ka ci karo da amarya cikin leshi "pink", ango cikin shadda "ash", labulen ɗaki "light blue" ba. In an yi magana, sai a ce wai Hausa ba ta da sunayen launuka. Mu dai ba mu yarda ba. Wannan lalaci ne kawai.

Bahaushe yana da fari da baƙi da ja da kore da shuɗi da rawaya da shunayya. Inda waɗannan suka tsaya, sai ya ɗauko "ruwan": ruwan hoda, ruwan toka, ruwan goro, ruwan ƙasa, ruwan zuma, ruwan makuba, ruwan ɗorawa. Kuma ƙofar a buɗe take. Da Omo ya shigo kasuwa, mata suka ce ruwan omo, kowa ya gane. Turancin ma haka yake yi: "orange" sunan lemo ne, "pink" da "violet" sunayen furanni ne. To, me ya sa lemon Bature ya zama wayewa, goron Bahaushe ya zama ƙauyanci?

Ga kuma kalmomin ƙarfafawa: ja wur, baƙi ƙirin, fari fat, kore shar. Ku je hawan Sallah a Haɗeja ko Dutse ku ji masu dawaki: wannan akawal ne, wancan kili, ga danda, ga gunya. Kowane doki da sunan launinsa. Marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, har yau ana rini da baba a cikinta. Al'ummar da take kiran attajiranta "masu hannu da shuni" ita za a ce ba ta san launi ba?

Wani zai ce ai haka matasa suke magana. Mun ji. Idan tauraruwarka ɗaliba ce a Jami'ar Sule Lamido da ke nan Kafin Hausa, bar ta ta ce "pink" da bakinta, halinta ne. Amma muryar mai ba da labari taka ce, kai ke da alhakinta. Matar da take karanta labarinka a Bulangu, wadda Hausa kaɗai take ji, ka ce mata "maroon", ka rufe mata ido ke nan a daidai wurin da kake son ta ga amarya. Sannan kalmar da marubuta suka daina rubutawa, yara ba za su gaje ta ba.

Don haka a wannan makon kowa ya koma kan rubutunsa. Duk launin Turancin da ka tarar, tambayi tela, tambayi mai sayar da atamfa, tambayi kakarka. Za ka dawo da kalma fiye da ɗaya.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.